Harsunan da Baba ya ajiye wa Yaya Salifu

Wannan damina ta cika shekara ashirin da biyu da muka binne yayana Salifu, mai busa kilarinet na unguwar Akwatialine. Ni ce ƙanwarsa, kuma ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san yadda aka yi busarsa ta fita daban.

Mahaifinmu ɗan kasuwar goro ne, haka ma kakanmu. Tun ana saura 'yan shekaru a sami 'yancin kai Yaya ya bar rumfa ya shiga ƙungiyar masu busa, Baba kuwa ya ɗauke masa wuta. Bai kore shi ba, amma shekara biyu cur gaisuwarsa kawai yake amsawa, ita ma da ka. Abin ya ci Yaya ƙwarai, don duk tafin da ake masa a gari bai kai masa kalma ɗaya daga bakin Baba ba.

Kilarinet ba ta magana sai an ɗaura mata wani ɗan siririn gora a baki. Mu a gida harshe muke ce masa. Daga Turai ake kawo su, sababbi kuma ɗanyu ne, sautinsu kamar kukan agwagwa. Yaya gwani ne a busa, amma wajen ajiya sai dai a yi shiru. A gwangwanin taba yake zuba su da jiƙarsu, damina ta sa su fumfuna, rani ya lanƙwasa su.

Wata Juma'a da hantsi Baba ya ci karo da gwangwanin a zaure, ya buɗe. Ina tsintar goro a gefe, na ce a raina yau sai ya zuba su a murhu. Ya ɗaga ɗaya ya duba a haske, ya shinshina, ransa ya ɓaci. Ashe ba busar ce ta ɓata masa rai ba a ranar. Mutumin da ya yi shekara arba'in bai bar ƙwaron sankara ya ci masa huhun goro ba, ba zai iya ganin kaya a wulaƙance ya wuce ba.

"Salifu! A gidan nan ka koyi wannan ajiya?"

"Baba, haka suke lalacewa sosai paa, ba su da magani."

"Kai ne ba ka da haƙuri. Kaya sai ya kwanta."

Baba ya sa wani kafinta a unguwar Anloga ya yi akwati mai hawa uku, da gilashi a ƙasa don su kwanta a miƙe. Ya ware sababbi ya ce kada a taɓa su sai sun ga damina da rani. Waɗanda ake aiki da su kuma a goge su, su sha iska a inuwa, kada a busa ɗaya kwana biyu a jere. Waɗanda suka shekara ya kira su daushe, kamar tsohon goro, ya yi musu alama da tawada. Duk Juma'a shi yake juya su da hannunsa, yana faɗa yana cewa shi kaya yake dubawa, ba ruwansa da kiɗa.

Yanzu jikokina suna nuna mini harshen roba, wai ba ya ruɓewa. Na san da Yaya zai gani, dariya zai yi ya tambaye su shekararsa nawa a akwati. Ban raina nasu ba, amma ban ƙara jin sauti mai taushi irin nasa ba, kuma ina alfahari da faɗin haka.

Baba bai taɓa zuwa kallonsa ba. Sai wata rana ƙungiyarsu ta biyo ta bakin kasuwa tana raka wani biki. Ina rumfa tare da shi, na sunkuyar da kai. Baba ya tsaya da goro a hannu har busar ta yi nisa, sannan ya juya ga maƙwabcinsa.

"Ka ji wancan? Ɗana ne. Daushen bara waccan ya ɗaura."

Da na gaya wa Yaya, zama ya yi a bakin ƙofa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Akwatin yana ɗakina har yau, saura harshe huɗu masu alamar Baba. Ba mai busa su, amma duk Juma'a ina juya su.