Gwangwanin Baba Masinja

Ƙwas! Da an ji ƙarar murfin gwangwanin madarar nan na ajiyar takardu, duk wanda ya san gidanmu na Faskari ya san Baba Audu Masinja ya buɗe ofis. Surukina ne, mahaifin maigidana. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai takardu a sakatariya, ya yi ritaya da aƙida guda: maganar da ba a buga wa hatimi ba, ba a yi ta ba. Ko akuya ya saya a kasuwar Yankara, sai mai ita ya dangwala yatsa. Wani ya ce, "Haba Baba, ba ka yarda da ni ba?" Ya ce, "Kai na yarda da kai. Akuyar ce ban sani ba."

Ina da cikin fari aka ba maigidana katin inshorar lafiya ta jiha, da yake malamin firamare ne. Nan fa kan unguwa ya rabu. Maƙwabciyata ta ce haihuwa kyauta ce. Wata ta ce awo kaɗai ne. Mai kemis ya rantse ba ruwan kati da tiyata. Baba ya saurare su tsaf, ya ɗaure ƙafar wando, ya haye keke sai ofishin inshora, ɗansa na biye.

Maigidana ya dawo yana dariya har da hawaye. Wai kunya ta hana Baba ambaton cikin surukarsa, sai ya ce wa ma'aikacin, "Akwai wata baiwar Allah a gidana, muna sa rai."

"Haihuwa tana ciki, Baba, har tiyata."

"Madalla. Itacen wankan jego fa?"

"Babu."

"Kanwar kunu?"

"Baba, babu."

"Ragon suna?"

"Haba Baba!"

"To ku mi kuka sani game da haihuwa? Rubuta mini wanda ke akwai, ka buga hatimi."

Wata na takwas Innata ta aiko daga Damari a kai ni gida, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Na ɗaure kayana. Sai ƙwas! Baba ya gano abin da duk muka tsallake: an rubuta sunana ne a asibitinmu na nan, can kuwa ba su san da ni ba. Ya ce ba inda za ni sai an sauya. Ƙanwar Innata da ta zo ɗaukata ta tafa hannu.

"Yau na ga ikon Allah! Suruki da hana ɗiya wankan gida?"

"Hajiya, ban hana ba. Takarda za ta riga ta tafiya, shi ke nan."

Sau uku yana komawa ofishin nan. Ranar ƙarshe ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa, ya ce nan zai yi azahar da la'asar. Kafin azahar aka buga masa hatimin, aka kai ni Damari.

Ranar da naƙuda ta zo, ta zo da gardama. Likita a asibitin Sabuwa, inda aka garzaya da ni, ya ce sai tiyata, yanzu-yanzu. Yarinyar da ke teburin rajista ta juya katina ta ce ai wannan na Faskari ne. Ina kwance ina salati, Innata na kuka, sai na jiyo daga baranda: ƙwas! Ashe tun da aka buga waya ya hau mota da gwangwaninsa a hammata.

Ya miƙa wa yarinyar takardar sauyin, ya nuna ƙanwar Innata da baki. "Karanta nan, ɗiyata. Da ƙarfi, tsohuwar can ta ji."

Aka shiga da ni. Ƙanwar Innata har ta durƙusa masa, shi kuwa ya kau da kai yana cewa, "Itacen ne dai suka cinye mana."

Jikar da aka samu, amaryarsa yake ce mata. Bana ya rasu tana shekara huɗu. Ya Allah, kamar yadda ya tsaya mini a bakin ƙofa, Ka buɗe masa ƙofar rahama, Ka ba shi takardarsa a hannun dama.

Jiya bayan la'asar ina wannan addu'ar a hankali, ɗiyar tawa tana gefena rungume da gwangwanin. Na shafa. Ta ja mayafina ta ce, "Umma, ki ce amin da ƙarfi. Baba ba ya yarda sai an buga hatimi."