Ranar da Motar Mijina Ta Tashi Sama

Jikokina sun zo mini da labari, wai yanzu ana ƙera mota mai ratsa rairayi da duwatsu, in hanya ta ƙare sai ta tashi sama. Suna jira in riƙe baki. Na ce musu ni na shiga irinta tun ba a haifi iyayensu ba. Suka yi dariya, na taya su, amma ba ƙarya na yi ba.

A shekarun farko na samun mulkin kai ina budurwa a Agadas. Aji huɗu na yi a lakwal, na fito da karatun boko da son ƙananan littattafan da fatake ke kawowa daga kudu. A cikinsu saurayi ta sama yake zuwa, bisa tsuntsu ko bisa gado mai tashi. Ni ma haka nake jiran nawa. In jirgin sama ya sauka bayan gari, sai in hau soro in yi ta kallo har Inna ta kira ni.

Wanda ya zo neman aurena ta ƙasa ya zo, da baƙin mai a faratansa. Shofer ne, yana tuƙa motar wani attajiri, irin mai ƙarfin nan da ƙafafunta huɗu duka ke ja. Yana kai shayi da sukari garin Timiya can cikin duwatsu, ya komo da dabino da rumman. Ran da ya fara zuwa zance na tambaye shi ko motarsa tana tashi sama.

"Ƴar lakwal," ya ce, "wannan ko tudu sai na lallashe ta take hawa."

Baba madugu ne, bisa raƙumi ya tsufa. Ya ba da ni da zuciya ɗaya, amma kunyar surukuta tsakaninsa da mijina ta wuce ta kowa. Ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba, ba su taɓa haɗa ido ba. In mijina ya hango shi a lungu sai ya sake hanya. Baba kuwa ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "mutumin gidanku".

Damina ta biyu da aurenmu, Baba ya tafi Timiya sayen dabino, raƙumi ya take masa ƙafa. Kafin saƙo ya iso mu ciwon ya ruɓe. Attajirin ya ba mijina mota ya ɗauko shi. Inna ta ce in bi, don ta san halin mijinta.

Muka same shi a lambun wani amininsa, kwance ƙarƙashin rumman, ƙafar ta kumbura har gwiwa, jikinsa kamar garwashi. Mai lambun ya ja ni gefe ya ce in ba a kai shi likita gobe ba, ƙafar ba za ta tsira ba, wataƙila shi ma. Na durƙusa na gaya wa Baba mota na ƙofa.

"Wa ya tuƙo ta?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni in kwanta ina nishi gaban surukina? A ɗora ni bisa raƙumi."

Raƙumi kwanaki ne. Mijina yana tsaye bayan danga, ya juya mana baya, yana jin komai. Na koma mota ina hawaye, na buɗe ƙunshina don in share fuska, hannuna ya faɗa kan baƙin zanen da Inna ta saya mini na aure. Na samo igiya, na ɗaure shi bayan kujerar shofer daga gefe zuwa gefe, na koma.

"Baba, na raba motar ɗaki biyu. Ba zai gan ka ba, ba za ka gan shi ba."

"Kunnensa fa, kin ɗaure?"

"Kukan motar ba ya barin a ji komai."

Ya kalli ganyen rumman, sannan ya ce a ɗauke shi.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, Baba a baya bisa katifa, ni ina gefensa, ina leƙa kai ta ƙasan zanen ina kai saƙo.

"Ki ce wa mutumin gidanku ba gishiri ya ɗauko ba."

Na leƙa na faɗa.

"Ki ce Allah ya huci zuciyarsa, hanyar ce haka."

Duk ƙoramar da muka iso, mijina yakan kashe mota ya sauka, ya rage iskar ƙafafunta don kada su nutse cikin rairayi, sannan ya taka ƙoramar da ƙafa ya ga inda ya fi tauri. Ba ya tsallake wannan ko yana sauri. Wajen azahar muka iso wata babba, busasshiya ƙayau, sama garau bisa kanmu, sai dai can kan duwatsu ta yi baƙi. Ya kashe mota ya sauka. Cikin shirun nan Baba ya ɗaga hannu.

"An yi ruwa a dutse. Ga shi nan tafe."

Ni ban ji komai ba. Amma na san in ƙoramar nan ta kawo, sai mu kwana biyu a bakinta.

"Duba hagu," in ji Baba, "akwai baƙin dutse mai tsaga?"

Na leƙa, na ce akwai. Na ɗaga zanen zan kai saƙo, sai na ji muryar Baba ta wuce ta kaina.

"Ɗana, bar ƙafafun nan. Bi ta gindin baƙin dutsen, tsakuwa ce har ƙetare. Kada ka tsaya."

Ban taɓa jin ya yi masa magana ba sai ranar.

"To, Baba," in ji mijina, ya faɗo cikin mota.

Muna tsakiya na ga ruwan, ja wur, yana turo itatuwa a gabansa. Mijina ya ba motar duk wutar da take da ita. Gaɓar ƙetaren tudun rairayi ce mai gangara, muka hau ta da gudun nan, muka kai ƙarshenta, sai ƙasa ta ƙare.

Girgizar da muke sha tun safe ta ɗauke cak. Butar shayi ta taso ta tsaya daidai fuskata. Zanen ya yi sama kamar fiffike, ta gilashin gaba ban ga komai ba sai shuɗin sama, ga ƙeyar mijina, ga hannun Baba cikin nawa. Sun ce bai wuce ƙiftawar ido ba. Ni dai na san na daɗe a can, kuma duk abin da na karanta a kan soro bai kai shi ba.

Muka dira da ƙarfi. Baba ya yi wani nishi mai tsawo, wanda babu zanen da zai tare shi. Bayanmu ruwa ya cika ƙoramar baki da baki. Baba ya ce in gyara labulen, na gyara.

Kafin magariba muka hango hasumiyar masallacin Agadas. Likita ya cire yatsa ɗaya, ya bar masa ƙafarsa. Da ita ya taka zuwa sunan ƴaƴana huɗu, yana ɗingishi.

Surukutar kuwa ta koma yadda take, ba su sake magana baki da baki ba har Baba ya rasu. Sai dai duk kakar dabino Baba yakan ware mafi kyau a ƙwarya ya miƙo mini.

"Ki kai wa mai fiffiken nan naku."

Zanen yana nan cikin akwatina, da tabon mai a gefe ɗaya inda mijina ya kama shi yana kwancewa. Na sha yin niyyar wanke tabon, sai in fasa. In na ɗauko shi nakan yi musu addu'a su biyun tare, tunda yanzu duk sun kwanta dama, babu mai jin kunyar wani.