Cokali a hannun hagu

Yau raina ya ɓaci a gidan tsofaffi na unguwar Mahjar, inda Goggona take. Tun da hannuwanta suka shanye, a baki ake ba ta abinci.

Na tarar ta rame, ga shinkafa a gefe ta huce. Ma'aikaciyar ta ce, "Halas, shi ke nan, mun gaji, Hajiya ba ta ci."

Na ɗebo loma na miƙa mata, ta karɓa da sauri.

Na ce, "Goggo, me ya hana ki ci?"

Ta ce, "Ɗiyata, waya a damanta, cokali a hagunta. Da tsufana za a ciyar da ni da hagu?"

Wai har ƙarin ruwa suke shirin yi mata, amma ba wanda ya tambaye ta dalili!

Masu tsofaffi a can, kun taɓa zuwa lokacin abinci?