Motar Likita Mai Warin Albasa

Shekarun baya, lokacin da albasa ta yi mini tsiya a kasuwar Mile 3 ta Fatakwal, na yanke shawarar sayar da motata. Tirelar da ta ɗauko mana kaya daga Arewa ta yi kwana huɗu a hanya cikin ruwan sama, kafin ta iso Fatakwal rabin buhunana sun ruɓe. Jari ya karye. Abin da ya rage mini mai daraja shi ne wata mota mai ruwan toka da nake kai wa masu gidajen abinci albasa da ita.

To ni mutum ne mai shegen gudun a ce ya gaza. Ban so a ji a masallacin unguwa cewa wane ya sayar da mota ba. Ko yayana da ke Inugu, wanda uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ban gaya masa ba. Na ja wani dillali da muke sahu ɗaya da shi a masallacin unguwar Diobu gefe, na ce a fitar da ita daga garin nan, kada kowa ya sani.

Ya zagaya ta sau uku, ya daki taya da ƙafa, ya yamutsa fuska kamar an ɗura masa magani. Na gaya masa aibinta tsakani da Allah: in aka yi doguwar tafiya inji yana zafi, sai an tsaya an ƙara ruwa.

"Alhaji, kasuwar mota ta mutu," in ji shi. "Wallahi mu wahala kawai muke sha, da ƙyar muke fitar da kuɗin mai. Don kai ne zan shiga."

Bayan kwana biyu ya dawo ya ce an taya miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Na ce albarka sau biyu don kada a raina ni, a na uku na sallama. Na ba shi la'adarsa, har da godiya na ƙara masa, wai ya rufa mini asiri. Duk wanda ya tambaye ni mota sai in ce tana wurin bakanike.

Wata biyu bayan haka yayana ya kira ni, muryarsa cike da murna. Ya shekara goma sha yana gadi a Inugu har ciwon baya ya kama shi, shi ne ya sayar da rabonsa na gonar gadonmu don ya sayi motar haya tsakanin Inugu da Anacha.

"Ka zo ka gani, ka taya ni addu'a," ya ce. "Allah ya yi mini gyaɗar dogo. Wani likita ne mai ita, daga gida sai asibiti, sai coci ranar Lahadi. Miliyan uku da dubu ɗari, kuma sai da aka yi mini ragi."

Na hau motar haya na tafi. Na tarar da motar tasa a ƙofar gidansa, shuɗiya, tana ƙyalli, an sa wa kujeru sababbin riguna. Ina zama a kujerar direba ta karkata hagu, irin karkatar da ƙuguna ya sani. Na ce a raina ai motoci suna kama. Na sa hannu ƙarƙashin sitiyari, sai ga wayar da na ɗaure murfin fis da ita da hannuna. Na fito na buɗe but. Sun zazzaga turare iya ƙarfinsu, amma albasar shekara biyar ba ta jin turare.

Yayana yana gefe yana shafa gilashi da hannun riga. Gonarsa ce a tsaye a gabanmu, kuma na san ba za ta kai Anacha da fasinja ba tare da ta tafasa a hanya ba. In na yi shiru, asirina ya rufu, shi kuma ya shiga uku.

"Yaya," na ce, "ni ne likitan."

Sai da na maimaita, na nuna masa wayar, na sa ya sunkuya ya shaƙi but ɗin. Da ya ji nawa na sayar, sai ya nemi dakali ya zauna.

Washegari muka bi sawun cinikin. Wanda ya sayar masa a Inugu ya rantse kuɗin mai kawai ya samu, ya tura mu wurin wani mai filin motoci a Anacha. Shi kuma ya buɗe hannuwa ya ce, "Oga, na only fuel money I see inside," ya nuna mana wani ɗan uwanmu Bahaushe da ya kawo masa ita. Wannan ma kuɗin mai. Na koma Fatakwal na tare nawa dillalin bayan sallar la'asar, tun kafin in rufe baki ya ce, "Alhaji, wallahi kuɗin mai..." Na ce ya isa, kada ya ƙarasa.

Mutum huɗu, miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, duk kuɗin mai! Motar da ko jirgin sama ce ba za ta sha wannan man daga Fatakwal zuwa Inugu ba. Aikin da aka yi mata na gaskiya fenti ne da rigunan kujera. Maganar zafin inji tun a hannun farko ta faɗi ƙasa, labarin likita kuma a Anacha aka haife shi. Ko sisi ba wanda ya mayar, kowa cewa yake ciniki ya riga ya faɗa. Haushi ya cika ni har na kasa cin abinci a ranar.

Ni na ɗauki nauyin gyaran injin, a hankali, da albasa ta farfaɗo. Motar ta yi wa yayana aiki, da ita ya aurar da 'yarsa ta fari.

Ba na cewa kada dillali ya ci riba, ni ma ɗan kasuwa ne, ba sadaka nake yi da albasa ba. Abin da yake ƙona mini rai har yau shi ne rantsuwar nan ta "ban ci komai ba". Amma in na gama zaginsu a zuci sai in tuna wanda ya buɗe musu ƙofa. Ina neman mai saye, ɗan uwana yana neman mota, lambarsa tana cikin wayata, girman kai ya hana ni dannawa. Da na kira shi, da ya saya da sauƙi, ya san aibinta, ya rage wani abu daga kuɗin gonarsa.

Yayana bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Sai dai har gobe, in na kira shi, yana ɗauka zai ce, "Likita, ya asibiti?"