Faɗuwar da Na Koya Saboda Baba

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, abu ɗaya ne ke sa shi dariya: wani kaset ɗin bidiyo da abokin aikina a filin jirgi ya ba ni. Wani Bature ne ɗan Ingila, siriri, kwat ɗinsa kullum jiƙe da gumi, ba shi da sana'a sai faɗuwa. Ya yi tuntuɓe da kujera, ya tashi ya ba ta haƙuri, ya sake cin karo da ita. Baba ba ya jin Turanci ko kalma ɗaya, bai kuma bukata ba. Da ya buɗe baki yana dariya, Inna ke samun damar tura masa cokalin kunu.

Muka yi ta kallo har zaren kaset ɗin ya tsinke. Na aika Jidda aka nemo mini wani kaset mai hoton mutumin a jiki. Ashe gogan ya bar faɗuwa, ya zama ɗan fim na gaske. Awa biyu yana zuba magana, har da hawaye, ko tuntuɓe ɗaya bai yi ba. Na ji haushinsa ƙwarai, sai ka ce alkawari ya yi mini ya saɓa. Baba ya juya fuskarsa bango. Kwana uku ba abin da ya karɓa sai ruwan zamzam.

Shekarata arba'in a lokacin, ga gemu ga 'ya'ya biyar, kuma tun tasowata ban taɓa yin wasa a gaban Baba ba. Amma na ce tunda Bature ya ajiye aiki, ni zan ɗauka, da babu gara ba daɗi. In na dawo daga jidar jakunkunan alhazai, bayan la'asar sai in hau saman gidanmu na unguwar Harra ta Yamma da kujerar ƙarfe. Ashe faɗuwa ma sai an koya. Na fasa gwiwa, kafaɗa ta kumbura. Matata ta ce maƙwabta sun fara tambaya ko ƙalau nake, na ce ta gaya musu a'a. Ban fasa ba.

Wata Juma'a na ari kwat ɗin ƙanena na shiga ɗakin Baba, kunya kamar ta kashe ni. Na yi tuntuɓe da kujerar, na zube, na tashi na ba ta haƙuri. Inna ta rufe fuska da mayafi.

Baba ya daɗe yana kallona. Can sai gefen bakinsa mai aiki ya motsa, muryar da muka yi wata biyu ba mu ji ba ta fito.

"Ba haka yake yi ba. Ƙafar hagu ce ke fara sarƙewa. Yalla, maza sake."

Na sake, na kuma sakewa. Inna ta matso da kwanon kunu, duk faɗuwa ɗaya cokali ɗaya, har kwanon ya ƙare.