Tokar da na zuba wa wakena a Faisal

Shekarun baya, ranar sunan jikana a Alƙahira, waɗanda ke falon su ne ni, da ɗiyata mai jego, da mijinta mai karatun addini, da abokan karatunsa, kowa da farar jallabiya.

Tun daga gida na taho da wakena fari don ƙosan suna, saboda ban yarda da na Misirawa ba. Haihuwa ta yi jinkiri, zafi ya buɗe. Wata rana na kwance buhu, sai ga ƙwari baƙaƙe suna ta shawagi, sun fara huje shi. Maganinsu toka ne, kowa ya sani. To gidan sama a unguwar Faisal, girki da gas, ina toka?

Na kira mai gadin gidan. Ba na jin Larabci, ba ya jin Hausa. Na nuna masa ɗan gawayin turaren wuta, na murza yatsu, na hura. Ya ce, "Tamam, ya Hagga!" Ya dawo da bokiti cike. Na ji wani ƙamshi-ƙamshi, na ce Masar kenan, har tokarsu da turare. Na cuɗa wakena, na ɗaure. Ƙwari kuwa suka mutu.

Ranar suna na wanke, na surfe, na soya. Baƙi suka ci. Ɗaya ya ce, "Inna, tuffa kika sa a ƙosan?"

Kafin in buɗe baki, surukina ya shinshina ya ce, "Kai, wannan ai shisha ce! Mai tuffa, ta shagon da ke ƙasan gidan nan."

Ni ba na yi wa suruki magana kai tsaye. Ɗiyata na kalla na ce, "Tambayar mini Malam, a wane littafin ya karanta wannan ƙamshin?"

Ya ce wucewa kawai yake yi ta gaban shagon. Abokan suka sunkuyar da kai suna tari.

Har yau ban ƙara karɓar toka ban tambayi me aka ƙona ba. Amma raina bai ɓaci ba, don ƙwaron da na kama ya fi na wake girma.

Washegari na shanya sauran waken a baranda mai kallon shagon, na jawo kujera na zauna da carbina. Na ce gadin ƙwari nake yi.