Mun je Gurara da bazara

Ranar wata Asabar ce a hutun zango na biyu, shekarar da nake aji biyar na firamare, aka cusa ni a bayan akori-kurar Kawu Iro tsakanin jarkar ruwa da kwandon zabi. Ƙarfe bakwai ba ta yi ba, amma ƙarfen motar ya fara ƙona cinya. Inna ta shimfiɗa tabarma ta zauna da ƙullin guzuri a cinyarta, Baba kuwa yana gaba da sabuwar hula, sai murmushi yake kamar wanda za shi Makka. Gurara za mu, can jihar Neja, mu ga inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Ni dai tun ba mu bar Karare ba na fara jin haushi, don wata zabuwa ta sa mini ido, duk ramin da muka faɗa sai ta kai wa ƙafata sara.

Abin da ya jawo tafiyar shi ne bakin Baba. Malamin firamare ne, kuma kafin a haife ni an taɓa tura shi kwas Minna a tsakiyar damina, aka kwashe su aka kai su Gurara. Tun daga nan bai bar kowa ya huta ba. A aji ya zana shi a allo, a gona ya ba da labarinsa, a gida ma in an yi ruwa mai ƙarfi sai ya leƙa waje ya ce, "Wannan ai yayyafi ne. Can tun kana nesa za ka ji ƙararsa a ƙirjinka." Kawu Iro taubashinsa ne, wato abokin wasansa na dangi, manomi a Yasore mai jigilar hatsi ranar kasuwa, kuma shi ya fara laƙaba masa Malam Gurara. Sunan ya bi gari. Duk wanda ya ƙara gishiri a labari sai a ce ya yi Gurara. A filin makaranta muna carafke, in na ce na ci, sai wata ta ce, "Ɗiyar Malam Gurara ce, ku sake ƙirgawa." Sau biyu ina yaga wa yarinya hijabi a kan haka. Baba yana dariya a gaban mutane, amma a gida na san abin na cinsa, don malamin da yara suka ɗauka maƙaryaci ne ya gama koyarwa. Shi ya sa ya ce Kawu Iro ya kawo mota, shi Baba zai zuba mai, Kawun ya je ya gani da idonsa ya dawo ya faɗa wa gari.

To, sai maganar yaushe. Dogon hutu da damina yake zuwa, lokacin gero na neman maimai, gyaɗa na neman hannu, mu kanmu da fartanya muke wuni. Hutun ƙarshen shekara kuma ga sussuka, ga ɓarar gyaɗa, ga bukukuwan dangi. A garinmu ba a tafiyar nishaɗi sai rumbu ya cika an share gona ana jiran ruwa. Saboda haka manyan mutane biyu suka zauna suka yi shawara, suka zaɓi tsakiyar bazara, lokacin da ko rijiyar gidanmu sai an ƙara wa guga igiya. Ba wanda ya ga matsala a ciki.

Tafiyar da aka ce ta wuni guda ce, kwana biyu ta ci. A Safana muka tsaya gaida wata gwaggon Inna, don wai ba a wuce ƙofar babba. Aka durƙusa, aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka tambayi waɗanda aka baro ɗaya bayan ɗaya har da jaririn da ba a raɗa wa suna ba, aka dama fura, sannan ta ba mu ƙullin daddawa mu kai wa ɗiyarta a Funtuwa. A Funtuwa aka sake sabon zama. Tsakanin nan da can motar kan yi zafi ta tsaya, a ɗebi ruwan shanmu a ɗura wa lagireto, mu kuma mu haɗiyi yawu. Duk tashar da muka ratsa ƙamshin tsire na bin mu, in na kalli Inna sai ta kwance ƙulli ta miƙo mini dambu da ƙuli-ƙuli ta ce, "Namu ya fi tsabta." Dambun nan tun a Zariya ya fara tsami. Muka kwana a Kaduna wurin ƙanwar Baba, aka sauke mata zabinta, na yi hamdala.

Washegari bayan azahar muka bar kwalta muka bi wata 'yar hanya. Baba ya sa aka kashe mota tun ba mu ƙarasa ba, ya fito ya ɗaga yatsa ya ce mu saurara. Muka saurara. Tsuntsaye kawai na ji, sai lagireto da ke tafasa. Ya ce wataƙila iska ce ta juya. Muka taka har bakin wurin, ga duwatsu baƙaƙe manya-manya jibge, ga ruwa siriri yana silalowa ta wurare biyu ko uku, a ƙasa wasu samari na wanka suna ɗaukar hoto. Ni kuwa da ƙishirwa da ƙafa duk saran zabuwa, bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba, wannan ne? Ai indararon ɗakin Inna ya fi shi." Inna ta murɗe mini cinya. Mai gadin wurin ya ce ai mun zo da rani ne, mu dawo watan takwas mu ga abin tsoro. Baba ya cire sabuwar hularsa ya riƙe, ya ce a hankali, "Watan takwas wa zai yi mini maimai?" Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma na san abin da yake hange: majalisar ƙofar masallaci, da Kawu Iro a tsakiya yana kwaikwayon yadda ya ɗaga yatsa.

Sai dai Kawu Iro bai yi dariya ba. Ya naɗe ƙafar wando ya gangara, yana shafa duwatsu, yana leƙa wasu ramuka masu santsi kamar cikin turmi. Haka yake yi a rafin Yasore kafin ya yanke inda zai zuba shinkafa, ya duba inda ruwan bara ya tsaya. Can ya tsaya gindin wata bishiya ya ɗaga kai ya daɗe, sannan ya ƙwala mini kira, "Ke mai baki, zo nan." Ya nuna mini busasshiyar ciyawa da tsumma da wata tsohuwar leda maƙale a reshe, sama da inda hannunsa zai kai ko da ya hau bayan motarsa. Ya ce, "Wa ya ɗora su can? Ke?" Ya juya ya dubi Baba ya ce, "Taubashi, ashe ragewa ma kake yi. Ruwan da ya rataye wannan, da a garinmu ne ko rumbu ɗaya ba zai bari ba." Baba ya mayar da hularsa.

Da muka koma, Kawu Iro ne ya ba da labari a majalisa, kuma shi aka yarda da shi, tunda kowa ya san bai taɓa raga wa Baba ba, kuma bai taɓa kuskuren karanta sawun ruwa ba. Sunan Malam Gurara bai fita ba, amma an daina dariya in an faɗe shi. Ni ce dai na tashi a banza. 'Yan ajinmu suka kewaye ni suna tambayar me na gani, na ce leda a kan bishiya. Har yau in na tuna kwana biyu na rana da dambu mai tsami saboda leda, sai raina ya ɓaci.

Baba ya yi alkawarin za mu koma da damina in ya yi ritaya. Ya yi ritayar, sai hanya ta lalace. Yanzu ko Safana za ka sai ka tambaya ko lafiya kafin ka fita, gonar nesa ma an bar ta. Kwanaki na nemo bidiyon Gurara a waya, ruwan ya cika yana tafasa fari fat, na ƙure ƙara na miƙa masa. Ya kalla har ƙarshe ya dawo mini da ita, ya ce wannan a kunne kawai ake jin sa. Ban yi masa musu ba. Sau ɗaya na ƙaryata shi a gaban ruwan nan, kuma ya ishe ni.